Baba ya rasu, takardunsa da rigar ƙwallonsa suna akwati

Idan mahaifi malamin makaranta ne kuma ɗan ƙwallo, a Mai Wurno ko Gadarif a ƙasar Sudan, tarihinsa yana bakin tsofaffin ɗalibansa da abokan wasansa, kuma kwanakin zaman makoki ne kaɗai ke tara su wuri guda. A nemi izininsu, a ɗauki muryar kowa a waya minti 15. Kada a ce "wane irin mutum ne?", amsar ba za ta wuce "Allah ya jiƙansa" ba. A tambayi aji nawa ya koyar, wace lamba ya buga, a wane fili.

Hotuna kuwa, zafi da leda ne ke kashe su, domin fuskar hoton na mannewa ta ɓare. A sa farar takarda tsakani, a rubuta sunaye da shekara a baya da fensir, tawadar biro tana ratsawa. Rigar a wanke ta bushe sarai, a naɗe cikin ƙyallen auduga, akwatin ƙarfe ya hau kan bulo saboda gara.

Tun yaƙin Sudan na 2023 gidaje da yawa sun watse, don haka a ɗauki hoton kowace takarda a tura wa 'yan'uwa biyu a garuruwa daban.