Sawun doki a jikin dutsen Lalibela

Daga filin jirgi sai da mota ta yi kusan rabin awa tana hawa tudu kafin mu shiga Lalibela, wani ƙaramin gari a yankin Amhara na ƙasar Habasha, kimanin mita 2,500 sama da teku. Ni da nake taƙamar na san hunturun Kano, sai ga ni haƙora na karo da juna.

Na yi ta raba ido ina neman majami'un da ake zuzutawa, ban ga ko hasumiya ba. Ɗan jagoranmu ya yi dariya, ya nuna mini ƙasa. Ashe a bakin rami nake tsaye. Can ciki ga Bete Giyorgis, cocin Waliyyi Jojis, rufinsa siffar gicciye, tsayinsa wajen mita 12. Ba gina shi aka yi ba, dutse guda aka sassaƙe daga sama zuwa ƙasa, aka rarake cikinsa, aka fitar da ƙofofi da tagogi. Babu tubali, babu inda aka haɗa wani da wani. In hannun mai sassaƙa ya goce, shi ke nan, ba gyara. Irinsa goma sha ɗaya ne a garin.

Asalin sunan garin Roha. Sarki Lalibela na gidan sarautar Zagwe, wanda ya yi mulki a ƙarshen ƙarni na 12 zuwa farkon na 13, shi ake jingina wa aikin. Mutanen garin sun ce ranar da aka haife shi ƙudan zuma suka yanyame shi ba su harbe shi ba, mahaifiyarsa ta ce zuma ta san sarki, sunan ya bi shi. Wai kuma ɗan uwansa ya ba shi guba, ya yi kwana uku a sume, a cikin sumar aka nuna masa majami'un. Da rana mutane na sassaƙa, da dare mala'iku su karɓa.

Masana tarihi kuwa sukan haɗa abin da shekarar 1187, lokacin da Salahuddin ya karɓe Kudus. Sarkin ya so mutanensa su samu nasu Kudus a gida, shi ya sa rafin da ya ratsa wurin ake kiransa Yordanos, wato Kogin Urdun. Har yau duk ranar 7 ga Janairu, bikin Genna, wato Kirsimetin Habashawa, masu ziyara kan cika garin maƙil, wasu sun yi kwanaki suna tafe a ƙafa.

Labarin da ya fi zauna mini shi ne na Jojis. Wai da aka gama goma, sai ya zo a kan doki ransa a ɓace, ya ce ina nasa? Sarki ya yi alkawarin nasa zai fi kowanne kyau. A hanyar gangarawa ramin aka nuna mini wasu 'yan ramuka a jikin bango, aka ce sawun kofaton dokin ne. Na sa yatsa na shafa. Ni dai a idona sun fi kama da matakalar da masu aiki suka sara don hawa, amma na ja bakina na yi shiru, don wata tsohuwa lulluɓe da farin mayafi ta ɗora goshinta a wurin tana ta motsa baki.

A bakin ƙofa aka ce mu cire takalma. Wannan kam ba sai an koya wa wanda ya saba da masallaci ba. Dutsen ya yi sanyi ƙalau, ga safata da huji a babban yatsa.