Masu aikin garka da ba sa ba da zuma

Aikin malamin gona a jihar Damagaram, yawancinsa maganar ruwa ce da taki da maganin ƙwari. Su manomi ke tambaya, su kuma aka fi karantar da mu. Amma tun da aka ɗora mini bin masu noman rani a garaken Mirya da Gidimuni, kukan da na fi ji daban ne: kabewa ta yi yaɗo, ganye shar, fure ko'ina, sai ƴaƴan su yi rawaya tun suna ƙanana su zube. Mai garka yakan ce a rubuta masa magani. Sau da yawa kuwa babu cutar komai, garin fure ne bai isa inda ya kamata ba.

Kabewa da kankana da guna furensu iri biyu ne a jikin yaɗo ɗaya. Akwai namiji mai tsirarin kara, akwai mace mai ɗan kumburi a gindi, kumburin nan shi ne zai zama ɗan. Garin namijin yana da nauyi da danƙo, iska ba ta ɗaukarsa, dole sai ƙwaro irin ƙudan zuma ya kai shi. Furen kabewa kuma da asuba yake buɗewa, kafin rana ta take ya rufe, ba ya sake buɗewa har abada. Ke nan duk abin da za a yi, a ƴan sa'o'in nan za a yi shi. Zuwa ɗaya ma ba ya isa. Kankanar da kake gani ta fito a karkace, gefe guda cike gefe guda a tsuke, galibi garin da ta samu ne bai wadace ta ba.

Wannan ya canza mini lokacin fita. Wanda ya iso garka da hantsi ya gaisa da mutane ya duba ganye, ya ga rabin abin da ke faruwa ne kawai. Wanda ya tsuguna gindin yaɗo bayan sallar asuba, zai ga taron da bai san da shi ba. Ƙudan zuman da muka sani yana ciki, amma ba shi kaɗai ba ne. Akwai ƙanana baƙaƙe, akwai masu ƙyalli kore-kore, akwai wani mai ratsin fari a gadon baya wanda ke tsayawa cak a iska kafin ya faɗa cikin fure. Masana sun ƙirga irin ƙudan zuma fiye da 20,000 a duniya. Masu yin saƙa su tara zumar da ake sayarwa a kwalba, irinsu bai wuce goma da ɗoriya ba. Namu na Afirka ta Yamma, wanda ake rataya wa amya a kan gawo da tsamiya, an raɗa masa sunan Michel Adanson, Bafaranshen da ya sauka Senegal a 1749 yana nazarin tsirrai da dabbobi. Mafi yawan sauran ba su da sarauniya, ba su da runduna. Mace ɗaya ce za ta haƙa ɗan rami a ƙasa ko ta samu busasshen kara, ta cura garin fure da ruwan zaƙinsa, ta saka ƙwai a kai, ta toshe, ta yi gaba. Ba za ta ma ga ƴaƴanta ba.

Yadda suke kwasar garin shi ya fi ɗaukar hankalina, don kowanne da dabararsa. Jikin ƙudan zuma lulluɓe yake da gashi mai rassa, garin yana maƙalewa a tsakani. Bayan haka, in yana tashi a iska jikinsa kan ɗauki wata ƴar wutar lantarki, irin wadda ke sa guntun takarda ya manne wa biron roba in ka goga shi a gashin kanka, har garin kan yi tsalle ya hau shi tun bai gama sauka ba. Na amya, in ya fito daga furen kabewa, rawaya fat yake tun daga kai har wutsiya. Sai ya tsaya a bakin furen ko ya yi lilo a iska, yana taje jikinsa da ƙafafun gaba, yana jiƙa garin da ɗan ruwan zaƙi daga bakinsa, yana miƙa shi baya daga ƙafa zuwa ƙafa, har ya danna shi cikin wani ɗan lotsi mai santsi da ke ƙafafunsa na baya. Dunƙule biyun nan da ake gani a ƙafarsa in zai koma gida, su ne. Abincin tsutsotsinsu ne, ita zumar don ƙarfin jikin manya take.

To a nan ne na fahimci wani abu da ke da amfani ga manomi. Garin da aka jiƙa aka cura ya tafi ke nan, ba zai ƙara taɓa wani fure ba. Wanda ya saura a gashin jiki shi kaɗai ke yi wa shuka aiki. Akwai kuwa wani iri, mai yanke gefen ganye zagaye-zagaye yana shimfiɗe ɗakin ƙwansa da shi, wanda a ƙarƙashin ciki yake ɗaukar garin, a bushe. Duk furen da ya sauka sai ya barbaɗa masa. A wurin tanadi na amya ya fi shi wayo, a wurin mai garka kuwa wannan mai zubar da kayan yana da nasa matsayi.

Sai babban baƙin ƙudan nan mai ƙugi, wani da rawaya a kafaɗa, mai huda itacen rumfa yana zubo da gari ƙasa. Yara na bin sa da takalmi, manya na toshe raminsa da laka. A ganina an zalunce shi. Furen gauta da na tumatir suna ɓoye garinsu ne cikin wasu ƴan bututu masu ƙaramar kafa a baki, sai an girgiza yake fita. Wannan baƙin yakan rungume furen, ya naɗe fukafukai, ya kaɗa naman ƙirjinsa, sai ka ji ƙarar ta canza ta yi siriri, garin ya feso masa a ciki. Na amya bai iya wannan ba ko kusa. A Turai, inda ake noman tumatir a ɗakunan gilashi da iska ba ta shiga, tun ƙarshen shekarun 1980 sayen wani dangin masu ƙugin ake yi a kwali don wannan aikin. Mu kuwa kyauta yake zuwa mana. Yana da halinsa dai, in fure ya yi masa zurfi sai ya huda shi ta gindi ya sha zaƙin ya tafi bai biya ba.

Galla ma, ƙananan nan marasa harbi da ke damun mutum a ido lokacin zafi, suna shiga furen da ya yi wa manya ƙanƙanta, kamar na mangwaro.

Lambobi sun taimaka mini wajen shawo kan masu shakka. A wani bincike da aka yi a Burkina Faso aka wallafa a 2017, an rufe furannin riɗi da na auduga don kada ƙwaro ya taɓa su. Amfanin riɗi ya ragu da kashi 59 cikin ɗari, na auduga da kashi 37. Riɗi kuwa ba baƙo ba ne a gonakin Magarya da Matamai.

Wani darasin a wajen garka na same shi. Ƙudan da zai yi maka aiki a watan Janairu, sai ya ci ya rayu a sauran watanni. Da damina yana samun furen ciyawa, yana kwasar gari a kan zangarniyar gero duk da shi gero iska ce ke yi masa aikin. Da kaka magarya ta yi fure. Gawo, mai zubar da ganye da damina, shi ke tarbarsu da fure in ruwa ya ɗauke. Daga nan mangwaro, daga nan bedi da bazara. Gawon da manoman Mirya da Matamai da Magarya suka yi shekaru suna bari ya tofo a gonakinsu don taki da abincin dabbobi, ashe yana ciyar da waɗannan ma. In an shiga tsakanin da babu fure, je ka wurin injin niƙa a unguwar Zango ka gani: za ka tarar da su sun yi dafifi kan dusa, suna birgima a ciki suna cura ta a ƙafa, don rashin garin fure. Ita kuka ba ruwanta da su sosai, da dare take buɗe fure, jemage ne baƙonta.

Mafi wuya shi ne maganar feshi. Kowa da safe yake son yi, kafin zafi, daidai lokacin da fure ke buɗe ƙudaje na ciki. Wani dattijo mai garka a Gidimuni ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, ni ba na kiwon zuma. In sun mutu, asarar mai amya ce." Na ce, "Baba, ranka ya daɗe, gobe in an sallame asuba ka bari mu tsaya gindin kabewarka tare." Muka tsaya. Da kansa ya riƙa nuna mini su da sanda, yana cewa wannan ai a gindin katangar rijiyarsa yake gida, wancan kuma a cikin karan darni. Ya yarda ya mai da feshi yamma liƙis, in fure ya rufe, ya kuma hana yaransa ƙona tsohon darnin. Ba kowa ke yarda ba, musamman mai biyan ɗan ƙwadago, don yaran feshi ba sa son aikin yamma.

Wanda garkarsa ta riga ta yi shiru, kafin ƙudajen su dawo, ina nuna masa ya yi aikin da hannunsa. Ya tsinko furen namiji da sassafe, ya yage fatun rawayan ya bar tsinken tsakiya mai gari, ya goga shi a hankali a tsakiyar furen mace. Namiji ɗaya yakan ishi mata biyu ko uku, amma sai an yi kafin ƙarfe tara.