Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Allon Yaya da Herbert Spencer

Assalamu alaikum. A makon jiya na tsaya a inda Baba ya sayar da ragunansa biyu ya haɗa mini kuɗin rajista, na shiga jami'a a Kano a 1989, sashen nazarin zamantakewar al'umma. Yau zan ba ku labarin darasin da ya hana ni barci a zangon farko.

Wata Talata ce da hantsi, ana hunturu, alli ma da ƙyar yake kama allo. Malam ya rubuta: Herbert Spencer, 1820 zuwa 1903. Ya ce wannan Baturen Ingila ya ɗauki al'umma tamkar jikin mai rai. Tana farawa ƙarama, kowa na yin aikin kowa, sai ta girma gaɓoɓi su rarrabu, wannan manomi, wannan maƙeri, wannan alƙali, kowa ya dogara da ɗan'uwansa. Har nan na gamsu, don na ga haka a garinmu.

Sai Malam ya ci gaba. Ya ce Spencer ne ya ƙirƙiro maganar nan ta "wanda ya fi dacewa shi ke wanzuwa" a 1864, bayan ya karanta littafin Darwin, masanin halittu. A ganinsa aikin gwamnati shi ne tsare rai da dukiya kawai. Ba huruminta ba ne ta gina makaranta ko ta ciyar da matalauci da kuɗin haraji, wai yin haka yana hana al'umma tace kanta.

Nan gabana ya faɗi. Ni ɗan shirin ilimi kyauta ne na 1976, ba don shi ba da ko ƙofar aji ban taka ba. Kuma kun san labarin Yaya, wanda kyanda ta ɗauke a 1975 yana ɗan shekara tara. Ya fi ni kai nesa ba kusa ba. Har ranar da nake zaune a ajin nan allonsa na rataye a ɗakin Inna, da rubutunsa na ƙarshe, ta hana kowa wankewa. Ban san sa'ad da na ɗaga hannu ba.

"Allah gafarta Malam, to yayana da kyanda ta kashe, shi ne bai dace ba?"

Aji ya yi tsit. Malam ya ajiye alli, ya dube ni ya ce, "Ɗana, je ka laburare ka san mutumin kafin ka yanke masa hukunci. Talata mai zuwa ka same ni a ofis."

Na je da fushina, amma abin da na fara cin karo da shi ya sanyaya mini jiki. An haife shi a garin Derby ranar 27 ga Afrilu, su tara iyayensu suka haifa, shi kaɗai ya rayu ya girma. Takwas! Na rufe littafin na tuna Inna, wadda ɗaya ta binne amma har yau ba ta warke ba. Yana ɗan shekara 13 aka kai shi karatu wurin baffansa kusa da Bath, kewar gida ta kama shi, ya gudo a ƙafa, tafiyar sama da mil ɗari cikin kwana uku. Bai yi jami'a ba. Yana ɗan 17 ya kama aikin injiniyan layin dogo, a 1848 ya koma aikin jarida a The Economist a Landan. Daga 1855 lafiya ta ƙi masa, barci ya ƙaurace masa, har toshe kunne yake yi idan hira ta yi masa yawa. Bai taɓa aure ba. A haka ya shafe shekara 36, daga 1860 zuwa 1896, yana rubuta falsafarsa cikin juzu'i goma.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ƙin da ya yi wa yaƙin mamaya. Ya raba al'ummu gida biyu, masu rayuwa da takobi da masu rayuwa da sana'a, ya ce na biyun su ne suka ci gaba. Da ƙasarsa ta shiga yaƙi a Afirka ta Kudu a 1899, ya fito fili ya soke ta. Ya mutu ranar 8 ga Disamba 1903, shekarar da sojojin Lugga, jagoran Turawan mulkin mallaka a Arewa, suka ci Kano a Fabrairu, suka ci Sakkwato a Maris. Amma maganarsa ta riga ta kuɓuce masa, masu zaman kashin dankali sun mayar da ita hujjar danne na ƙasa.

Na tausaya masa, amma a kan matalauta ban yarda da shi ba, har gobe. Shi kansa mahaifinsa da baffansa ne suka karantar da shi, kuma gadon da baffan ya bar masa a 1853 ne ya ba shi damar ajiye aiki ya zauna rubutu. An riƙe masa hannu ya haye. Yaya kuwa allurar rigakafi ce ba ta iso garinmu ba.

Haka na rubuta a shafi huɗu na kai wa Malam ranar Talata. Ya karanta a tsaye, bai ce uffan ba, ya jawo wani tsohon littafi daga kanta ya miƙo mini, Muƙaddimar Ibn Khaldun. Ina fitowa da shi a hannu na hangi ƙanen Baba tsaye bakin ƙofar sashenmu, rigarsa duk ƙurar mota. Bai ko amsa gaisuwata ba ya ce, "Ɗauko jakarka, Innarka na nemanka."

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.