Malinois ko Azawak: yadda na samar wa gonata mai gadi

Awaki uku aka kwance mini a dare ɗaya, ƙarshen kaka, a 'yar gonata da ke bayan Kware kan hanyar Illela. Yaron da ke kwana a wurin bai ji ko motsi ba. Gari na wayewa sai guntayen igiya a jikin turke, an yanke su da wuƙa. Ɗaya daga cikin awakin tana da ciki, haihuwa yau ko gobe, kuma ita ce yarana suka fi sabawa da ita. A ranar na ƙudurta cewa sai na ajiye kare.

Kafin in nemi kare, malamin unguwarmu na fara nema, domin ban taso a gidan da ake kiwonsa ba kuma zuciyata ba ta natsu ba. Ya karanto mini hadisin da ya ce wanda ya riƙi kare ba don farauta ko tsaron dabbobi ko shuka ba, ana rage masa lada kullum. Ya ce nawa yana cikin abin da aka halatta. Ya ƙara da cewa a mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, amma in ya sa baki a ƙwarya a wanke ta sau bakwai. Da zan tashi ya riƙe hannuna ya ce, "In ka ɗauko shi, ci da shansa sun hau wuyanka. Ka tuna mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa." Wannan maganar ta zauna mini fiye da duk sauran.

Ɗan ƙanwata ne ya fara kawo zancen Malinois. Ya zo da waya yana nuna mini bidiyon wani kare ja mai baƙar fuska yana haura katanga kamar ba ta nan. "Kawu, wannan shi ne karen sojoji. Da irinsa Amurkawa suka je Abbottabad a 2011 ranar da suka kashe Usama bin Laden." Gaskiya ya faɗa. Karen ɗan Beljiyam ne, sunansa daga garin Mechelen, wanda ake kira Malines da Faransanci, kuma asalinsa karen kiwon tumaki ne kafin 'yan sanda da sojoji su gane amfaninsa. Namiji yakan kai kilo 25 zuwa 30. Ba shi da girman da zai tsorata mai gida, ga kaifin basira. Na ji ya kwanta mini.

Wani abokina a Kaduna yana da su, ya yarda ya ba ni wani ɗan wata goma in gwada, in bai yi mini ba in mayar. Wannan sharaɗin ne ya cece ni, shi ma karen ya cece shi.

Ban taɓa ganin dabba mai saurin fahimta irinsa ba. Cikin kwana biyu ya san "zauna" da "zo" da Hausa. Idan na iso gonar bayan la'asar, idonsa ba ya barin hannuna, jira yake in ba shi aiki. Zan jefa masa guntun itace sau talatin ya ɗauko sau talatin, ni hannuna ya gaji shi ko alama. To a nan matsalar take. Ni malamin makaranta ne a cikin gari, gonar nakan je ta awa biyu da yamma, sai Asabar da Lahadi. Yaron gona kuwa ban ruwan albasa ya isa ya cinye masa wuni. Sauran awa ashirin da biyu karen ba shi da abin yi, shi kuma ba a halicce shi don zama ba.

Sai ya nema wa kansa aiki. Ya tauna tiyon ban ruwa gida huɗu. Ya tone ƙarƙashin danga. Abin da ya fi damuna, ya fara tattara tumaki a kusurwa ɗaya yana cizon agararsu, jinin kakanninsa na kiwo yana motsawa ba tare da makiyayin da zai ce masa ya isa ba. Wata tunkiya ta yi kwana uku tana ɗingishi. Ranar Asabar ɗin da na zo da yara, autana ya ruga da gudu, karen ya bi shi ya cafki ƙafar wandonsa. Bai ji masa ciwo ba, kuma na tabbata wasa yake, amma kukan da yaron ya yi har yau yana kunnena.

Muka ɗaure shi, abin ya ƙara lalacewa. Yana kewaya turke yana haushi har muryarsa ta dishe. Ga zafi ya fara shigowa, kuma kowa ya san bazarar Sakkwato, inda ma'aunin zafi ke haura 40 a watan Afrilu. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafin jikinsa, shi kuwa wannan ko rana ta take tsaka in ya ga abin bi sai ya bi. Wata rana na same shi kwance cikin laka a gindin tankin ruwa, harshe waje, numfashi sama-sama. Na yi ta zuba masa ruwa a ciki da ƙafafu har ya dawo daidai. A daren na kira abokina na ce zan dawo da shi. Sati shida ya yi a hannuna. Na ji zafin rabuwa da shi ƙwarai, domin bai yi laifin komai ba, ni ne na kai shi inda babu aikinsa. Yanzu yana wurin wani mai horar da karnukan tsaro, an ce mini ya zama abin nunawa.

Karya ta biyun ta hannun wani Ba'abzine ta zo, mutumin wajen Abalak wanda muka daɗe muna cinikin raguna da shi idan sun gangaro kudu da rani. Da na ba shi labari ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, kai ba soja kake nema ba. Kunne kake nema da ido." Ya nuna mini karnukan da ke kwance a inuwar raƙumansu, dogaye, sirara, kamar barewa. Na sha ganinsu, ban taɓa tsayawa na dube su ba. Turawa suna kiran irin Azawak, da sunan kwarin nan da ya ratsa Nijar da Mali ta arewacin Tawa. Tun shekarun 1970 aka fara kai su Yugoslabiya da Faransa, kuma a 2019 babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta sa su cikin jerin irin da ta amince da su. Abin da ake kashe kuɗi a ɗauka a jirgi, ga shi a bakin ƙofarmu yana gadin tantuna da garken dabbobi tun kaka da kakanni.

Ya ƙi karɓar kuɗi. Ya ba ni 'yar kwikwiya mai launin yashi da farin ƙirji, ni kuma na kai masa buhun gero da shayi da sukari. Muka sa mata suna Tawa, don ƙasar da ta fito.

Abu na farko da na yi, na kai ta wurin likitan dabbobi. Aka yi mata allurar cutar nan ta gudawar jini mai kashe 'yan kwikwiyo, da ta cika wata uku kuma aka yi mata ta haukar kare, wadda ake sabuntawa duk shekara. Wannan ba abin sakaci ba ne ga mai yara. Ciwon haukar kare in alamunsa suka bayyana a jikin mutum babu magani, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya. Likitan ya koya wa yaron gona cewa duk wanda kare ya ciza a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15 sannan a garzaya asibiti. Ya kuma nuna mana inda kaska ke ɓuya, cikin kunne da tsakanin yatsu. Duk Juma'a da yamma nakan zauna in duba ta da hannuna.

Da ta girma sai rigima ta tashi a gida. Uwargida ta gan ta ta ce, "Maigida, ka ji tsoron Allah, wannan karya yunwa ake bar mata." Haƙarƙarinta a fili, ƙasusuwan ƙugu sun fito. Sai da likitan ya tabbatar mana haka halittarsu take, mace ba ta cika wuce kilo 15 zuwa 20 ba duk da tsayinta, kuma ƙiba cutar da su take yi. Tuwon gero take ci da nono, sai ɗan nama da kayan ciki idan an samu, kusan abin da iyayenta ke ci a daji.

Ba zan ce ba ta da aibu ba. Malinois ɗin yana jiran umarni, ita kuwa tana jin kira sarai amma sai ta ga dama. Ranar da zomo ya tashi a gabanta, ƙura kawai muka gani, ta fi rabin awa ba ta dawo ba, ina tsaye ina tunanin motocin hanyar Illela. Tun daga nan ba na sakinta a ɓangaren titi. Ta kashe mini 'yan zabi biyu tana ƙarama, sai da muka yi wata guda muna zaunar da ita kusa da kaji a ɗaure, ana kwaɓarta duk sanda ta miƙe, kafin ta gane su ma 'yan gida ne. Baƙo kuwa ba ta yarda da shi. Yayana ya zo gonar ya fi sau goma, har yau daga nesa take kallonsa. Da na sani, da na riƙa kawo mata mutane tun tana 'yar wata biyu. Da hunturu kuma rawar sanyi take yi, gashinta gajere ne ba kitse a jiki, sai da na shimfiɗa mata tsohon bargo a rumfar awaki.

Amma ƙarfinta yana da lokaci, kuma lokacin ya dace da nawa. Da sassafe da bayan la'asar takan zazzaga fadama da gudun da ban taɓa ganin irinsa ba, minti goma ko sha biyar, sai ta dawo. Da rana ta tone ɗan rami a inuwar dogon yaro ta kwanta, zafin da ya kusa kashe wancan ita ko a jikinta. Ba ta taɓa bin tunkiya ba. A tsakiyarsu take kwana.

Cikin watan azumin da ya wuce, wajen ƙarfe biyu na dare, yaron gona ya kira ni. Ya ce haushinta ne ya tashe shi, wani iri mai kauri da bai saba ji ba. Ya haska tocila ta gabas, ya hangi mutum biyu suna sauri suna barin jikin danga, ita kuma tana tsaye tsakaninsu da garke, ba ta bi su ba. Bayan sallar asuba na hau babur na tafi. Na ƙirga awaki da tumaki, goma sha tara, cif. Tawa tana kan tulin yashin da ke bakin rijiya, inda take hango hanya. Ta sauko a hankali, ta jingina kafaɗarta da ƙafata kamar yadda ta saba, sannan ta koma wurinta.