Tambayar da ban yi wa mai raino ba

Har yanzu idan na tuna safiyar Litinin ɗin nan sai raina ya ɓaci, kuma da kaina nake fushi. Ƙarfe bakwai saura na isa gidan mai raino, goye da ɗiyata 'yar wata biyar, jakar kayanta a kafaɗa, na tarar da kwaɗo a ƙofa. Na kira waya sau huɗu ba a ɗaga ba. A na biyar ƙanwarta ta amsa, ta ce tun daren jiya aka kwantar da ita a asibiti. Mu uku muka yi cirko-cirko a bakin ƙofar, kowa da goyonta, kowa tana duba agogo.

Hutun haihuwata mako 14 ne, daidai mafi ƙarancin abin da yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta shekarar 2000 ta tsara. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa nono zalla take cewa har wata 6. Ku yi lissafin da kanku. Yarinya ba ta cika wata huɗu ba na koma aiki, ina tatsar nono tun asuba.

Wuri biyu na zaga kafin na koma. Na farko akwai ma'aikata da yawa, kowace da jarirai uku ko huɗu, amma kuɗinsa zai lashe kusan rabin albashina. Na biyu shi ne na matar nan, ita kaɗai da yara bakwai, kuɗinta da sauƙi. Na duba tsafta, na leƙa makewayi, na ga inda za ta ajiye nonon, har hannunta na kalla ko tana yanke farce. Komai na tambaya ban da abu ɗaya: ranar da ba ki da lafiya, wa zai karɓi yaran?

Kwana 11 ta yi a kwance. Ni da mijina muka riƙa karɓa-karɓa, shi ya makara yau, ni na yi fashi gobe, har hutuna na shekara ya ƙare. Shugabarmu ta kira ni ofis, ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Hajiya, na san halin da kike ciki, amma horon nan ba zai jira ki ba." Shekara biyu ina jiran wannan horo, aka ba wani. Ɗan abin da na yi ta murnar na rage a kuɗin raino bai kai ko kusa da abin da na rasa ba. Araha ba ta ado, na sani tun ina yarinya, amma ban taɓa kawo maganar a kan raino ba.

Kuma ba ni kaɗai abin ya shafa ba. Ɗaya daga cikin mu ukun malamar firamare ce, ajinta ya yi kwanaki ba mai koyarwa. Ɗayar ta ajiye aiki gaba ɗaya, har yau ba ta koma ba. Da na ga Bankin Duniya ya ce a 2021 yara kusan miliyan 350 da ba su isa shiga firamare ba ne ke buƙatar raino ba su samu ba, fuskarta ce ta fara faɗo mini.

Mai rainon ba ta da laifi. Mace ɗaya, yara bakwai, daga safe har yamma, ba mai canjinta ko ta je ta ga likita. Mu ne muka ɗora ayyukanmu duka a kan lafiyar mutum ɗaya, muna jin daɗin sauƙin kuɗi.

Da ta warke muka zauna da ita, iyaye shida. Kowa ya ƙara wani abu a kan abin da yake biya, aka ɗauko mata mataimakiya, aka kuma samu ta uku wadda za a kira idan ta ɓaci. Lambarta tana manne a jikin firjina. Sau biyu aka kira ta bana, duka biyun na isa aiki kafin ƙarfe takwas.