Mako na tara: kalmar permanent

'Yan uwa masu koyon Turanci, barkanmu da war haka. Littafin da nake tara kalmomi ya kai shafi na 40, amma a wannan makon kwana huɗu cur na yi a kan kalma guda, permanent.

Da farko "madawwami" na rubuta a gefenta na wuce. Ranar Talata a ajinmu na yamma wani ya ɗauki maka, wato babban biron nan na tawada, mai ɗauke da wannan kalma a jikinta, ya yi rubutu a farin allo. Muka sa tsumma muka goga, ko gezau. Sai malam ya ɗiga sifirit a auduga, ya shafa sau biyu, allo ya koma fari tas. Na daɗe ina kallon audugar nan da ta yi baƙi ƙirin. Ashe abin da Bature ya kira permanent ma yana gogewa.

Da na koma gida na buɗe ƙamus. Asalinta daga Latin ne, permanere, wato zama har ƙarshe. Amma a bakin masu harshen, abin da take nufi shi ne wanda ba a yanka masa ranar ƙarewa ba, kishiyar temporary, na wucin gadi. Fassarar da ta zauna mini ita ce "na dindindin". Ku duba permanent secretary, wato babban sakatare, a ma'aikata, ai yana yin ritaya wani ya hau. Katin zaɓe na dindindin da INEC ta yi aiki da shi a zaɓen 2015 yana ɓata, yana karyewa. Haƙora 32 da babba ke da su bayan 20 na yarinta sun zube, su ma permanent ake ce musu, ga shi kuwa tsufa na kwashe su. Haka kujerun dindindin biyar na Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya.

Shi ya sa na soke "madawwami" na mayar da ita gaban eternal da everlasting, inda ake maganar abin da ba ya ƙarewa har abada. Wannan bambancin ya yi mini daɗi ƙwarai.

Wajen rubutu ku kula, ƙarshenta ent ne, sau biyu ina sa ant. Wajen faɗa kuma a gaɓar farko ake danna murya, ba "famanan" ɗin da muka saba ba. Gobe in sha Allahu zan gwada jimloli biyar da permanently, in kawo aji ku gyara mini.