Laraba: matar da Victor ya yayyaga

Ba a kawo wuta ba sai bayan la'asar, guga sai gobe. Ummi ta ci tuwonta ba rigima, alhamdu lillahi. Kitso kuma an ɗaga zuwa Asabar.

Musun da muka yi da Abban Ummi a kan Frankenstein, littafin Mary Shelley, ne ya tsaya mini a rai. Na kai babin da Victor, masanin da ya haɗa wani dodo ya sa masa rai, ya keɓe a wani tsibirin Orkney yana haɗa wa halittarsa mata, kamar yadda ya yi alkawari. Aiki ya yi nisa, sai ya fara saƙe-saƙe: ƙila su hayayyafa su cika duniya, ƙila ma ta ƙi mijin da aka yi ta dominsa. Nan take ya yayyaga ta. Daga baya ya zuba ragowarta a kwando, ya danne da duwatsu, ya jefa a teku cikin dare.

"To ai hankali ke nan," in ji Abban Ummi. "Ke so kike dodanni su haihu?"

Na ce, "Abban Ummi, namijin fa ya riga ya kashe William ƙanin Victor, an kashe Justine mai aikin gidansu a kan laifinsa, duk da haka Victor ya zauna ya saurare shi. Ita ko numfashi ba ta yi ba. Tsoron mahaifarta kawai aka ji."

Ya yi dariya, wai digirin nan sai ya raba mu da zaman lafiya.

Ni abin bai ba ni dariya ba. Tun a aji malamin Victor, Waldman, yake yabon masana da cewa suna kutsawa maɓoyar halitta suna tona asirinta. Victor ya taso da wannan idon, da shi yake kallon ƙasa, da shi yake kallon mace. Haihuwar ma so ya yi a yi ta ba uwa. Sai a 1974 marubuciyar Faransa Françoise d'Eaubonne ta raɗa wa sukar wannan tunani suna ecofeminism, wato haɗa danne mace da danne ƙasa, alhali littafin tun 1818 ya fito.

Mary Shelley kuwa ta san ɗacin haihuwa. Mahaifiyarta ta rasu kwanaki kaɗan bayan ta haife ta a 1797, jaririyarta ta fari ta rasu a 1815. Tana da shekara 18 ta fara labarin a bakin tafkin Geneva, a 1816, shekarar da tokar dutsen Tambora mai aman wuta ta hana Turai ganin rani.

Gas ya ƙare ana tsakar miya. Dakta mai duba aikin digirina na jiran babi na biyu ranar Litinin, ga daren auren Elizabeth, amaryar Victor, a gabana, ni kuwa ba na son buɗe shi.